Tsami da kanwa: mene ne asid, baz da ma'aunin pH?

Hausawa na cewa "kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta". Wannan karin magana darasi ne a ilimin sinadarai, wanda ƴan kwaleji da ƴan lise ke kira shimi. Abin da ke ba lemun tsami da tsamiya da nono tsaminsu shi ake kira asid. Abin da ke cikin kanwa da toka da sabulu, mai kashe tsamin, shi ne baz. Sikelin da ake auna su da shi kuma sunansa pH, ana furta shi "pe-ash".

Asid da baz suna cikin tukunyar miya, da gonar hatsi, da batirin babur, da jinin jikin mutum. Wanda ya san yadda suke aiki zai kauce wa asarar taki, da ruɗin masu tallar magani a intanet, wata rana ma ya ceci ran yaro.

Mene ne asid?

Duk abin da ke duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne idrojen, alamarsa H. Idan ƙwayar idrojen ta rabu da elektron ɗinta guda, sai ta zama mai caji, a rubuta ta H⁺. Asid shi ne duk sinadarin da ke sakin H⁺ idan ya shiga ruwa. Tsamin da harshe ke ji, waɗannan ƙwayoyin ne yake ji.

Kowane abu mai tsami da nasa asid. Na lemun tsami sunansa sitrik, na tsamiya tartrik, na binegar asetik. Na nono shi ne laktik: ƙananan halittu ne ke cin sukarin madara su mai da shi asid, shi ya sa madarar da aka zuba wa ɗan tsohon nono ke wayuwar gari da tsami da kauri. Cikin mutum na yin asid kloridrik don narka abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan batirin mota kuwa asid sulfirik ne da aka sirka da ruwa.

Asid iri biyu ne, mai ƙarfi da mai rauni. Mai ƙarfi, kamar na batir, yana sakin kusan duk H⁺ ɗinsa nan take. Mai rauni, kamar na binegar, kaɗan yake saki, ya riƙe saura. Dalili ke nan da ake zuba binegar a salati a ci lafiya, amma ɗigon ruwan batir ya huda riga.

Mene ne baz?

Baz kishiyar asid ce. Asid na ba da H⁺, baz na karɓe shi. Idan ta shiga ruwa, tana yawaita wasu ƙwayoyi da ake rubutawa OH⁻. Ana gane ta da ɗaci-ɗaci a baki da santsi a hannu. Santsin nan gargaɗi ne: baz ɗin ce ta fara narka maiƙon fata.

Baz da aka fi sani a gidajenmu ita ce kanwa, wadda ake haƙowa a tafkunan ƙasar Manga, wajejen Gure da Maine-Sorowa, da Dallol Boso, da yankin tafkin Cadi. Ƙarfinta na fitowa daga karbonat da bikarbonat na sodiyom, haɗe da gishiri da ƴar ƙasa. Sai ruwan toka da ake tarkaɗewa daga tokar karan hatsi ko ta itace, da farar ƙasa, da ruwan jabel na wanki. Mafi ƙarfinsu duka ita ce soda, ta masu yin sabulu da marina.

A littattafan makaranta ana cin karo da kalmar "alkali" a ma'anar baz mai narkewa cikin ruwa. Asalinta Larabci ne, sunan tokar wasu tsirrai da ake yin sabulu da ita. Ba ta da dangantaka da alƙalin kotu.

Idan suka haɗu

Idan asid da baz suka haɗu, H⁺ da OH⁻ na haɗewa su zama ruwa, H₂O, abin da ya rage kuma ya zama wani nau'in gishiri. Asid kloridrik da soda, kowanne guba ne shi kaɗai, amma in aka haɗa su daidai wa daida, ruwa da gishirin miya ne ke fitowa. Haɗuwar tana fitar da zafi, mai yawa in duka biyun masu ƙarfi ne.

Da kanwa akwai ƙari. In aka matsa lemun tsami a ruwan kanwa sai a ga kumfa na tashi. Iskar karbon ce, CO₂, ke fita daga cikin karbonat. Ita ce gyatsar da mai ƙwarnafi ke yi bayan ya sha kanwa, ita ce kuma ke kumbura kek idan an sa bikarbonat a kwaɓi.

Masanin Suwidin Svante Arrhenius ne ya bayyana, a shekarun 1880, cewa H⁺ ne tushen asid. A 1923 Johannes Brønsted na Danmak da Thomas Lowry na Ingila, kowa a gefensa, suka kawo bayanin bayarwa da karɓa da ake koyarwa har yau.

Ma'aunin pH

A 1909 wani masanin Danmak, Søren Sørensen, da ke aiki a ɗakin binciken Carlsberg a birnin Kofanhagan, ya ƙirƙiro hanya mai sauƙi ta faɗin yawan H⁺ da ke cikin ruwa da lamba guda. Ita ce pH. Ma'aunin kan tashi daga 0 zuwa 14. Tsakiyarsa 7, matsayin tsantsar ruwa a zafin digiri 25. Ƙasa da 7 ɓangaren asid ne, sama da 7 na baz. Lambar na raguwa, tsami na ƙaruwa.

Ga kimanin matsayin wasu abubuwa da aka saba da su:

- ruwan batir: ƙasa da 1
- ruwan cikin mutum: 1.5 zuwa 3.5
- lemun tsami: 2 zuwa 2.5
- lemun kwalba irin kola, binegar, bisap: 2.5 zuwa 3
- tumatir da nono: 4 zuwa 4.5
- ruwan sama: 5.6
- ɗanyar madara: 6.5 zuwa 6.7
- tsantsar ruwa: 7
- jini: 7.35 zuwa 7.45
- ruwan bikarbonat: 8.3
- sabulu: 9 zuwa 10
- ruwan kanwa: 10 zuwa 11
- ruwan jabel: 11 zuwa 13
- ruwan soda mai kauri: 13 zuwa 14

Abin lura a nan shi ne, matakan ba kamar na mitar tela ba ne. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ruwa mai pH 4 ya fi mai pH 5 yawan H⁺ sau 10, ya fi mai pH 6 sau 100, ya fi mai pH 7 sau 1000. Ga misali: lita ɗaya ta asid mai ƙarfi da ke pH 1, sai an sirka ta ta zama lita 10 kafin ta kai pH 2. Kafin ta kai pH 4, sai ta zama lita 1000, wato ganga biyar masu cin lita 200. Shi ya sa ɗan yayyafa ruwa bai isa ba idan asid ya zuba a jiki.

Yadda ake auna shi

A ɗakunan gwaji ana amfani da na'ura mai tsinken gilashi da ake tsomawa cikin ruwa ta nuna lamba. Akwai kuma takardar pH, wadda ke sauya launi, a gwada ta da jadawalin launuka da ke jikin fakiti.

A gida ma ana iya gwaji da bisap, wato zoɓorodo. Jan launinsa na sauyawa da pH. A jiƙa shi ba sukari, a sirka har ya yi haske, a raba kofi uku. A matsa lemun tsami a na farko, zai ƙara ja. A bar na biyu yadda yake. A zuba ruwan kanwa a na uku, zai juya ya yi duhu, daga shuɗi-shuɗi zuwa kore-kore. Ruwan na gwaji ne kawai, a zubar da shi bayan an gama.

Masu girki sun daɗe da sanin irin wannan. Ƴar kanwa na sa kuɓewa ta riƙe korenta, tsami kuwa na dusashe koren ganye. Kanwa na sa wake ya nuna da wuri domin tana sassauta abin da ke ɗaure ɓawonsa da naman cikinsa, ta rage cin itace. Sai dai tana lalata wasu bitamin, musamman B1 da C, don haka kaɗan ta isa. Tsami kuma na adana abinci: ƙwayar cutar da ke sa guba a abincin gwangwani ba ta yaɗuwa ƙasa da pH 4.6, kuma nono ya fi ɗanyar madara daɗewa bai lalace ba.

Garkuwar pH

In aka ɗiga asid mai ƙarfi kaɗan a kofin tsantsar ruwa, pH na iya faɗowa daga 7 zuwa 3 nan take. In aka ɗiga daidai wannan a jini, da kyar zai motsa. Bambancin shi ne jini na da abin da ake kira "tampon" a Faransanci. A Hausa sai mu ce garkuwar pH.

Garkuwa haɗi ne na abu biyu da ke zaune tare: asid mai rauni da baz ɗin da ta fito daga gare shi. In asid ya shigo daga waje, baz ɗin ta shanye H⁺ ɗinsa. In baz ce ta shigo, asid ɗin ya saki nasa H⁺ ya cike giɓi. Aikinta kamar na rumbun tsimi ne: ana zuba hatsi lokacin kaka, a fitar lokacin bazara, farashi ya daidaita. Kuma kamar rumbu, tana da iyaka. In abin da ya shigo ya fi ƙarfinta, sai pH ya ruguje gaba ɗaya.

Jini

Babbar garkuwar jini ita ce bikarbonat da iskar karbon. Jiki na samar da CO₂ dare da rana yayin da yake ƙona abinci. In iskar ta narke a jini tana zama asid mai rauni, bikarbonat kuma ita ce abokiyar zamanta. A lafiyayyen mutum bikarbonat ta ninka narkakkiyar iskar kimanin sau 20, wannan ne ke tsai da jini a wajen 7.4.

Gaɓoɓi biyu ke kula da wannan daidaito. Huhu na aiki cikin mintoci: in asid ya yi yawa, numfashi ya ƙaru, a fitar da CO₂. Ƙoda na aiki cikin awoyi zuwa kwanaki: tana zubar da asid ta fitsari, ta mai da bikarbonat cikin jini. Dole ne su yi haka, domin sinadaran da ke tafiyar da zuciya da ƙwaƙwalwa ba sa aiki sai cikin wannan ɗan siririn tsakani. Ƙasa da 7.35 ko sama da 7.45, likita ya san akwai matsala. Ƙasa da 7, rai na cikin haɗari.

Wasu cututtuka da aka sani a ƙasar nan na karya garkuwar. Zawo mai tsanani da kwalera na zubar da bikarbonat ta bayan gida. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba na sa jiki ya tara asid. Haka ma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ga yara. Alama ɗaya da ya kamata iyaye su sani ita ce numfashi mai zurfi da sauri: huhu ne ke ƙoƙarin fitar da asid. Yaron da ke haka asibiti yake buƙata nan take. Fakitin SRO da ake ba mai zawo ma, ban da gishiri da sukari da potasiyom, yana ɗauke da gram 2.9 na sitrat a kowace lita, wanda jiki ke mayarwa bikarbonat.

Daga nan za a gane ƙaryar tallar da ke yawo a WhatsApp da Facebook, mai cewa ruwan "alkalin" ko lemun tsami da safe na sauya pH na jini ya kashe kansa ko ciwon sukari. Duk abin da aka sha, asid ɗin ciki ne ke fara tarbarsa, abin da ya wuce kuma huhu da ƙoda su daidaita. Abinci na iya sauya pH na fitsari, amma jinin mai lafiya yana nan inda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na ganin ruwan sha da ke tsakanin 6.5 da 8.5 ya yi daidai.

Ƙwarnafi, kanwa da haƙora

Gaskiya ne kanwa na kwantar da ƙwarnafi, domin tana kashe asid ɗin da ya hauro maƙoshi. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne, kuma kanwa cike take da sodiyom, sinadarin gishirin da ke ta da hawan jini. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda, ya yi hattara da ita. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi, da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ƙwarnafin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuwa yana iya zama gyambon ciki, wanda sau da yawa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, kuma yana da magani a asibiti.

Haƙora ma na da iyakarsu. Farin ɓawonsu na fara narkewa ƙasa da pH 5.5. Yawu garkuwa ne, yana mai da baki daidai bayan cin abinci, amma yana buƙatar lokaci. Mai kurɓar lemun kwalba ko tsotsar alewa yini guda bai ba shi wannan lokacin ba.

A gona

Yawancin amfanin gona sun fi son ƙasa mai pH 6 zuwa 7. Jigawar kudancin Nijar, inda ake noman hatsi da wake, sau da yawa tana da tsami, wajen 5 ko ƙasa da haka, kamar yadda binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai da na INRAN suka nuna. Ƙasa da 5.5, alminiyom ɗin da ke cikin ƙasa na narkewa ya hana saiwa tsawo, sinadarin fosfor kuma ya ɗaure, shuka ta kasa shan sa. Manomi na iya zuba takin zamani mai tsada ya ga amfani kaɗan.

Rairayi ba shi da garkuwa mai ƙarfi, domin laka da ruɓaɓɓen ganye ne ke ba ƙasa garkuwa. Zuba ure kaɗai shekara da shekaru na ƙara wa irin wannan ƙasa tsami. Takin dabbobi, da barin kara a gona, da toka daidai gwargwado, da barin gawo ya girma, duk suna taimaka mata. Dutsen fosfat na Tawa da ake niƙawa ya fi narkewa a ƙasa mai tsami, don haka ya dace da jigawa. A wasu fadamu da filayen ban ruwa kuwa matsalar akasin haka ce: farin gishiri ko kanwa na fitowa saman ƙasa, shuka ta ƙone. Gwajin ƙasa ne ke nuna wa manomi ɓangaren da gonarsa take.

A sana'o'i

Sabulu haɗin mai ne da baz: ruwan toka a sabulun salo, soda a na zamani. In soda ta fi ƙima, sabulun ya ci hannu. Marina na sa toka a karofi domin baba ba ya narkewa ya kama zane sai a ruwa mai baz. Majema na Damagaram da Maraɗi na jiƙa fata a ruwan toka ko farar ƙasa don gashi ya saki, kafin a kai ta ruwan bagaruwa. A Arlit da asid sulfirik ake narko uraniyom daga dutse. Jiƙaƙƙen siminti kuma baz ne mai ƙarfi, shi ke tsattsaga hannu da ƙafar magina da ba sa sa safar roba da takalmi.

Haɗari da taimakon farko

Kowa na tsoron asid, amma baz mai ƙarfi ba ta fi shi sauƙi ba. Soda na narka nama ta yi ta shiga ciki. Ruwanta fari ne kamar ruwan sha, ba wari. Yaron da ya kurɓe shi daga kwalbar da aka aje a tsakar gida na iya ƙonewa a maƙoshi, hanyar abinci ta tsuke, ya daɗe yana jinya. Sana'ar sabulu da rini a cikin gida ta yawaita, don haka dokokin nan sun shafi kowa:

- Kada a zuba soda, jabel ko ruwan batir a kwalbar ruwa ko ta lemu. A rubuta suna a jikin mazubi, a kulle inda yara ba sa kaiwa.
- Wajen haɗi, soda ko asid ake zubawa a hankali cikin ruwa. In aka zuba ruwa a kansu, suna iya tafasa su fantsama a fuska.
- Kada a haɗa jabel da binegar ko da maganin wanke ban ɗaki mai asid. Haɗin na fitar da iskar klor mai ƙona huhu.
- In ya zuba a fata, a cire tufafin da ya taɓa. In garin soda ne a kakkaɓe shi tukuna. Sannan a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 20 ko fiye.
- In ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta zuba ruwa haka nan, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya ragu.
- In an sha, kada a sa mutum amai, domin abin zai sake ƙona hanyar da ya bi. Kada a ɗura masa mai ko madara. A kurkure baki, a kai shi asibiti nan take, a riƙe kwalbar a nuna wa likita.

A nan ne karin maganar ke da iyaka. A tukunya da ɗan ƙwarnafi, kanwa na kashe tsami. Amma wanda ya sha soda ba a ba shi lemun tsami, wanda ya sha ruwan batir ba a ba shi kanwa. Haɗuwarsu a cikin jiki zafi da iska take fitarwa, ta ƙara ƙuna a kan ƙuna. Abin da ya dace shi ne ruwa mai yawa ga fata da ido, da gaggawar zuwa asibiti.